Yadda Ƙungiyar Manoma Za Ta Sayar wa Hukuma Hatsi da Wake: Jagora Mataki-Mataki

Kowace shekara, da zarar an fara ɗaurin dami a ƙasar Gazawa da Agye da Gidan Rumji, sai labari ya bazu cewa hukuma za ta sayi cimaka a hannun manoma. Shugabannin ƙungiyoyi su tashi da rawar jiki, su sa hannu a takarda, su yi alkawarin tan kaza. Kafin wata biyu sai a tarar mangaza ba ta cika ba, ko ta cika amma mai dubawa ya ƙi kayan saboda yashi da ƙwari, ko an karɓi kayan amma 'yan ƙungiya sun fara zargin shugabanninsu don kuɗi bai fito ba. Ƙarshenta kwangila ta koma hannun babban ɗan kasuwa, ya sayi wannan hatsin naku dai a kasuwar Cadawa ko ta Gazawa da arha, ya kai wa hukuma da riba.

Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin manoman wannan yanki wajen tara kaya da awonsu da kai su, kuma kurakuran ba sa canjawa. Tushensu guda ne. Buƙatar manomi tana zuwa da wuri, kuɗin hukuma yana zuwa a makare. Ƙungiyar da ta shirya wa wannan tazara tun damina ita ke cin moriyar kuɗin. Wadda ta jira sai kaka, ta yi wa wani aiki. Don shugabanni da ma'aji da sakatarori da masu riƙon makullin mangaza na rubuta wannan jagora, musamman waɗanda za su shiga harkar karon farko.

Su wa ke saye, kuma don wa?

Babban mai saye shi ne OPVN, ma'aikatar da aka kafa a 1970, wadda ke riƙe da rumbun tsimin ƙasa. Tana tara hatsi bayan kaka, a fito da shi idan bazara ta yi nisa, rumbunan gidaje sun ƙare, sabo bai nuna ba. Wani a sayar da rahusa, wani a raba kyauta ga gidajen da suka fi galabaita. An yi shekaru ana sayar da buhu mai kilo 100 na rahusa a kan jika 13, wato sefa 13,000, tiya tana kamawa dala 65.

Na biyu shi ne kantin lakwal, inda yara ke cin abinci a makaranta, wanda gwamnati ke gudanarwa tare da hukumar PAM ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Dabarar sayen abincin yara a hannun ƙananan manoman yankinsu ta samu ƙarfi ne daga Brazil. A 2009 ƙasar ta yi dokar da ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta wajen sayen amfanin gonar iyali. A 2012 aka fara gwada irin haka a ƙasashe 5 na Afirka, Nijar da Senegal da Habasha da Malawi da Mozambik, ƙarƙashin shirin PAA Afirka tare da FAO da PAM, a Nijar kuwa jahar Maraɗi aka zaɓa. Ranar 1 ga Maris 2016 aka yi bikin farko na ranar ciyar da 'yan makaranta ta Tarayyar Afirka a Yamai. Nijar ma tana da tsarinta na sayen cimaka a hannun ƙananan manoma, wanda ake kira SNALAPP.

Na uku su ne ƙanana na kusa da ku: bankunan cimaka na ƙauyuka da rumbunan tsimi na mata, irin waɗanda shirye-shiryen asusun FIDA suka tallafa wa a ƙasar Agye tun zamanin shirin PPILDA. Su ma da kaka suke cika rumbu.

Duk ukun abu ɗaya ya haɗa su. Kuɗin na jama'a ne, mai cin abincin kuma shi ne wanda ba shi da zaɓi: ɗan lakwal a Gangara, tsohuwa a Gidan Sori, magidancin da gonarsa ba ta yi ba a Saye Sabuwa. Shi ya sa sharuɗɗan suke da tsauri, kuma ya kamata su yi.

Abubuwan da za ku tanada

Takardar rajista. Tun dokar OHADA ta 2010, ƙungiyar haɗin gwiwa iri biyu ce: SCOOPS mai farawa daga mutum 5, da COOP-CA mai farawa daga mutum 15. Tsohuwar takardar amincewa da kuka adana tun da daɗewa ba lallai ta wadatar ba. Ku kai ta wurin ma'aikatan gona na gundumarku su duba.

Lambar haraji ta NIF, da asusu a banki ko asusun ajiya da bashi da sunan ƙungiya, wanda ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu aƙalla. Hukuma ba ta zuba kuɗi a aljihun shugaba.

Littattafai uku: na sunayen membobi, na shiga da fitar kaya, na kuɗi.

Mangaza mai rufin da ba ya yoyo, da daɓen siminti, da ƙofa mai ɗaukar kwaɗo biyu.

Sikeli mai kyau, da tiya guda ɗaya wadda kowa ya yarda da ita.

Tampol na shanya, rariya, faifai, sabbin buhuna, allura da zare, da katakan da ake ɗora buhu a kai.

Kuɗin juyi da za a biya manomi ranar da ya kawo kaya.

Mutum mai karanta Faransanci wanda jama'a suka amince da shi, ya karanta takarda a bainar kowa ya fassara.

Mataki na 1: Ku yi ƙidaya tun hatsi yana gona

Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Agusta, idan hatsi ya fitar da kai, ku bi membobi gida-gida. Ku rubuta girman gonar kowa, abin da ya shuka, damin da ya samu bara, da wanda yake sa ran samu bana. Ku tambaye shi kuma, a keɓe ba cikin taro ba, ko ya ci bashin da zai biya da hatsi a kaka. Wannan tambaya ita ce mafi muhimmanci, domin damin da aka riga aka ci kuɗinsa ba naku ba ne ko da yana cikin gonar ɗan ƙungiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara abin da kowa ya faɗa a taro a mai da shi alkawari. A gaban jama'a ba mai son a ga gazawarsa, mai buhu biyu zai ce biyar. Idan ƙidaya ta nuna buhu 300, ku yi alkawarin 200. Ƙungiyar da ta cika ƙaramin alkawari ana nemanta baɗi. Wadda ta gaza babba, sunanta ya ɓaci har a wurin waɗanda ba ta taɓa hulɗa da su ba.

A wannan lokaci ne kuma za ku san irin da kowa ya shuka. Masu saye suna son kaya iri ɗaya a buhu, musamman wake. Farin wake da ja idan suka cakuɗu ba sa nuna tare a tukunya. Ƙungiyar da ke son dorewa a wannan kasuwa gara ta daidaita iri tun shuka, kamar hatsin HKP ko ɗaya daga cikin irin waken da cibiyar INRAN ta Tarna a Maraɗi ke bayar da shawara a kai.

Mataki na 2: Ku ware cimakar gida kafin ta sayarwa

Ƙiyasin da ma'aikatar gona ke aiki da shi ya nuna mutum ɗaya yana cin fiye da kilo 200 na hatsi a shekara. Gida mai mutum 8 ke nan yana buƙatar sama da buhu 16, ban da iri da zakka. Abin da ya haura wannan shi ne na sayarwa.

Wanda ya ga 2005 a jahar Maraɗi ba ya buƙatar dogon bayani. A shekarar akwai hatsi a kasuwanni, kuɗin sayensa ne ya fi ƙarfin talaka, kuma da yawa cikin masu neman tiya a damina su ne suka sayar da nasu da arha a kaka. Idan ƙungiya ta matsa wa memba ya kawo abin da iyalinsa za su ci don a cika kwangila, to a watan Yuli shi ne zai tsaya layin hatsin rahusa, kuma manufar shirin ta juye. Wanda ba shi da rarar hatsi ya kawo wake, domin a yankinmu wake dama na kuɗi ne. Mata da yawa ma ta wake da gujiyar gamanarsu suke shiga, don haka ku rubuta sunan kowace mace da kanta, kada a haɗa kayanta cikin na mai gida.

Mataki na 3: Ku karanta takardar sharuɗɗa har ƙarshe

Kafin kowa ya sa hannu, a karanta takardar cikin taro, a amsa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wane irin kaya ake so, kuma na wace shekara? Nawa ne iyakar laima da datti da fasassun ƙwayoyi da aka yarda da su? Buhu mai kilo nawa, 50 ko 100, kuma wa zai kawo buhunan? Ina za a kai kayan, mangazarku za a zo ɗauka ko ku za ku kai? Wa zai biya mota da 'yan dako? Yaushe wa'adi zai cika, kuma mene ne hukuncin wanda ya makara? Kwana nawa bayan karɓar kaya za a biya, kuma da waɗanne takardu? Akwai harajin da za a cire daga kuɗin?

Abin da ba a rubuta ba, ku roƙa a rubuta. Jami'in da ya yi muku alkawari da baki yana iya samun canjin wurin aiki kafin kaka, wanda ya gaje shi kuwa takarda kawai ya sani. Ku riƙe kwafi mai sa hannu da hatimi. Idan wani sharaɗi ya shige muku duhu, ku nemi majalisar manoma ta jaha, wato CRA ta Maraɗi, ko tarayyar ƙungiyoyi irin FUMA Gaskiya. Tambaya kafin sa hannu ba ta rage wa shugaba daraja.

Idan kantin lakwal ne, ku yi lissafin buƙatarsa da kanku. A ɗauka, misali, yara 200 ne, kowane yana cin giram 150 na hatsi a rana. Kilo 30 ke nan a yini, buhu 6 masu kilo 100 a wata mai kwanakin karatu 20, buhu 54 a wata 9. Wannan lissafi zai nuna muku ko za ku iya, kuma zai ba ku damar neman a riƙa kai kayan kashi-kashi, kowane zangon karatu, maimakon a jibge su a ɗakin lakwal da ba a gina don ajiya ba.

Mataki na 4: Ku fitar da farashi da alƙalami

Sababbin shiga sukan duba farashin kasuwa na ranar, su ɗora ɗan abu a kai, su ce sun ci riba. Buhun da hukuma ke karɓa ya fi na kasuwa tsada a wurinku. Ku rubuta kuɗin sabon buhu, ladan masu shiƙa da tankaɗe, nauyin da zai ragu bayan an cire yashi da ƙaiƙayi, kuɗin amalanke daga ƙauye zuwa mangaza, ɗinki, dako, mota, ladan mai gadi, ruwan bashi idan kun ci, da kason da zai shiga asusun ƙungiya. Sai kun tara waɗannan za ku san ƙasan farashin da ba za ku sauka daga kansa ba.

Akwai kuma haɗarin lokaci. Farashin hatsi yana faɗuwa a Oktoba da Nuwamba, ya fara hawa bayan nan. Idan an yanke farashi a Oktoba amma kai kaya sai Janairu, kasuwa tana iya wuce farashin kwangila, membobi su kwashe kayansu su bi kasuwa. Hanyar kauce wa wannan biyu ce: ko a tara kayan da wuri a biya masu su, ko a rubuta cewa farashi zai bi na wata kasuwa da aka ambata a makon kai kaya, da ɗan ƙari a kai. Hukumar SIMA tana fitar da farashin kasuwannin ƙasa a kai a kai, kuma shaidarta ta fi ta "an ce". Ku tuna yankinmu yana bakin iyaka da Najeriya. Hawa da saukar naira, da buɗewa ko rufewar iyaka, suna taɓa farashin wake da hatsi a nan cikin kwanaki kaɗan.

Mataki na 5: Ku nemo kuɗin da za ku biya manomi a take

A nan ne yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa. Kuɗin hukuma yana bin takardu daga ofis zuwa ofis, yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Manomi kuwa a watan Oktoba yana da kuɗin littattafan yara, da bashin taki, da biki, da maganin zazzaɓin da damina ta bari. Ɗan kasuwa yana zaune a bakin kasuwa da kuɗi a hannu. Memban da ya sayar masa ba maci amana ba ne, matsuwa ce ta kai shi. Aikin ƙungiya shi ne ta sa ya iya jira.

Hanya ta farko ita ce asusun kanku, daga kuɗin shiga da kason da kuke cirewa kowace shekara. Ta biyu ita ce ku nemi mai saye ya ba da wani kaso tun farko, a rubuce. Ta uku ita ce warantaji, wanda aka sani a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990: a zuba kaya a mangaza, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi, a karɓi wani kaso na darajar kayan a raba wa masu su. Ta huɗu ita ce kai takardar kwangilar banki, kamar BAGRI, a nemi bashin ɗan gajeren lokaci a kanta.

Ko wace hanya kuka bi, ku biya kashi biyu: babban kaso ranar da mutum ya kawo kaya, cikon kuma ranar da hukuma ta biya. Ku faɗa wa kowa haka tun kafin ya sauke buhu. Kada ku ambaci ranar da kuɗi zai fito idan ba a hannunku ranar take ba.

Mataki na 6: Sussuka da shanya da tsaftacewa

Yashin da mai dubawa ke samu a buhu, yawancinsa daga masussuka yake shiga. Ku shimfiɗa tampol ƙarƙashin turmi da wurin shiƙa. Wake ma a casa shi a kan tampol, a bi a hankali don kada ya farfashe, domin fasasshen wake shi ƙwari ke fara kamawa. Bayan shiƙa a bi da rariya, sannan a zauna a tsince tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi da hannu. Matan da ke wannan aiki a biya su ladansu, a sa shi cikin lissafi.

Laima ita ce abokiyar gaba ta biyu. Hatsi ko wake da laimarsa ta wuce kashi 13 cikin 100 ba ya ajiyuwa, yana zafi a buhu, ya yi fumfuna. Idan babu na'urar awon laima, ga gwajin da kowa zai iya. Ku sami kwalba busasshiya sarai, ku zuba hatsi zuwa sulusinta, ku ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, ku rufe, ku girgiza, ku ajiye kamar minti 15, ku sake girgizawa. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, kayan da sauran shanya. Tsofaffi suna gwadawa da haƙori, busasshen wake yana fashewa da ƙara, ɗanye yana lotsawa. Ku yi duka biyun.

Idan gujiya ko masara na cikin kwangila, ku ƙara kula. Fumfunarsu tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, ke hana yaro girma, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta canja launi ko ta yamutse a fitar da ita.

Kada a cakuɗa na bara da na bana. Ana ganewa da ido da hanci, kuma buhu ɗaya yana iya sa a ƙi mota guda.

Mataki na 7: Awo da rubutu

Tiya 40 ake lissafa wa buhu mai kilo 100, amma tiya ba ta zama ɗaya daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma tozon da wani ke yi mata ya fi na wani. Hukuma da kilo take saye, don haka ku ma da kilo za ku karɓa. Ku gwada sikeli kowace safiya da abin da kuka san nauyinsa. A auna a gaban mai kaya, bayan an tsaftace ba kafin ba, a faɗi nauyin da ƙarfi, a rubuta a littafi, a ba shi takardar shaida mai ɗauke da sunansa da ranar da nauyin da abin da aka biya shi da abin da ya rage.

Kowane buhu a sa masa lambar mai shi. Idan aka sami matsala a gaba, za a san inda ta fito, ba za a ɗora wa kowa laifin mutum ɗaya ba. Mai awo daban, mai rubutu daban, mai riƙon kuɗi daban. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga su ukun.

Mataki na 8: Ajiya, da haɗarin maganin ƙwari

Kafin kaya su shiga, a share mangaza, a fitar da tsofaffin buhuna, a toshe ramukan ɓera. A jera buhu a kan katako, a bar tazarar da mutum zai wuce tsakaninsu da bango, a jera yadda za a iya ƙirgawa. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Taki da maganin feshi da man fetur ba sa kwana ɗaki ɗaya da abinci.

Wake shi ne mai wahalar ajiya, domin ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. Maganinsa mafi aminci shi ne buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masanan INRAN na Maraɗi suka yi aiki sosai wajen gwada shi da yaɗa shi. Leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin kada a sami huda, a zuba busasshen wake mai tsabta, a matse iska, a ɗaure leda ta farko ita kaɗai, a ɗaure ta biyu ita kaɗai, sannan na waje. Iska tana ƙare wa ƙwarin, su daina ci da haihuwa. Masu ɗaure ukun a haɗe, da masu buɗewa kowane mako don dubawa, su ne ke cewa buhun ba ya aiki.

Ina roƙon ku da babbar murya, kada wanda ya zuba piya-piya ko maganin feshin gona a cikin wake ko hatsi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Can hana shi aka yi a bakin iyaka. Nan babu mai tare shi, tukunyar yara zai shiga. Ƙwayar Phostoxin kuwa hayaƙinta yana kashe mutum. Ba a sa ta a ɗakin kwana ko kusa da shi, ba a cusa ta tsirara cikin hatsi, kuma aikin wanda aka horar ne, ƙarƙashin tampol da aka rufe ruf na kwanaki. Idan ana buƙatarta, ku kira ma'aikatan kare tsirrai na gunduma.

Mataki na 9: Ranar kai kaya

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ku yi wa kanku binciken da za a yi muku. Ku soki buhuna da ƙarfen ɗiban samfuri, sama da tsakiya da ƙasa, ku zuba a faifai ku duba. Ku sake auna wasu, domin kaya suna raguwa idan suka ƙara bushewa. Abin da bai yi ba ku cire shi da hannunku.

Ku duba motar da za ta ɗauka. Wadda ta sauke siminti ko taki ko dabbobi a share ta, a shimfiɗa tampol. Mutum biyu na ƙungiya su bi kayan. A ƙirga wajen lodi, a ƙirga wajen saukewa. Kada ku baro wurin sai da takardar karɓar kaya mai adadin buhu da nauyi da kwanan wata da sa hannu da hatimi, domin da ita ake biyan ku. Idan kantin lakwal ne, a karɓa a gaban darakta da wakilan kwamitin kula da lakwal da matan da ke dafawa. Idan aka ƙi wani kaso, ku nemi a rubuta dalili. Wanda ya nemi ku ba shi wani abu don ya karɓi kaya ko ya hanzarta takarda, ku ƙi, ku sanar da tarayyarku. Ƙungiyar da ta bayar sau ɗaya ta ɗora wa kanta harajin kowace shekara.

Mataki na 10: Rabon kuɗi da taron bayani

Ranar da kuɗi ya shiga asusu, a sanar da kowa. Cikin mako guda a kira taro, a karanta abin da aka karɓa, abin da aka kashe, bashin da aka biya, cikon kowane memba, da abin da ya rage a asusu. Kowa ya karɓa da hannunsa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mace ta karɓi nata da kanta. Ko an yi asara a faɗa. Jama'a suna haƙuri da asarar da aka bayyana musu, amma ba sa yafe ribar da aka ɓoye.

Kason asusu kada a raba shi, ko da an matsa. Shi ne zai biya manomi a take a kaka mai zuwa, ya rage muku dogaro da bashi. A taron nan kuma a rubuta abin da ya ba da wahala bana, a yanke adadin da za a nema baɗi.

Shawara ga masu farawa

Ku fara da kaɗan. Lakwal ɗaya ko bankin cimaka ɗaya na kusa da ku ya ishe ku koyon aikin, tan goma da aka kai tsaf a kan lokaci ya fi tan ɗari da aka yi ta ba da haƙuri a kansa. Ƙananan ƙungiyoyin ƙauyuka maƙwabta su haɗu a tarayya ɗaya kafin su nemi babbar kwangila, don mota ɗaya da sikeli ɗaya da mai lissafi ɗaya su wadace su. Ku kuma riƙa zuwa ma'aikatar magajin gari da wurin malaman gona tun kafin kaka, ku ba su sunanku da adadin da kuke iyawa, domin ba a gayyatar wanda ba a san da shi ba.

Idan kuka duba jerin abubuwan da na lissafa a sama kuka ga babu rajista, ko babu asusu, ko babu kuɗin biyan manomi a take, kada ku sa hannu bana. Ku yi amfani da wannan rani ku kammala takardu, ku gyara mangaza, ku fara tara asusu, ku gwada tara kaya da sayar da su tare a kasuwa don ku ga inda kuke da rauni. Idan Allah ya kai mu watan Agusta, ku ɗauki littafi ku fara ƙidaya. Allah ya ba mu damina mai albarka.